Aku Ko Waziri: Wane Ne Ɗan Gida A Zango?

Duk falken da ya taɓa sauke kaya a Nima ko Maamobi da ke birnin Ankara na ƙasar Gana ya san cewa baƙo ba ya kwana a waje. Maigida zai ba shi masauki, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa a ciniki, wata rana ma ya ba shi aure. Wannan ce ta sa muhawara ta yi zafi a zaman karatun da muke yi da matasan unguwa, inda muka ɗauko littafin Magana Jari Ce na marigayi Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a 1937.

Idan mai karatu bai manta ba, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri, wanda ya ci ya sha a fada, shi ne ya haɗa baki da Sarkin Sinari. Aku kuwa, tsuntsun da aka saya daga hannun wani Balarabe, shi ya riƙa jan hankalin yaron da labarai kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya, har daga baya aka naɗa shi waziri.

Wasu daga cikinmu na ganin tatsuniya ce kawai, domin a kasuwa jini ya fi ruwa kauri. Dattawa kuwa suka tuna mana da watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar Gana, da kuma 1983 da Nijeriya ta kori 'yan Gana kusan miliyan ɗaya. A irin wannan rana, wanda za ka bar wa mabuɗin shago shi ne ɗan'uwanka, ko Bazabarme ne, ko Bamoshe, ko Bafulatani.

Saboda haka muna kira ga 'yan kasuwarmu na Aflao da Paga da su dubi yaran shagon da ke hannunsu. Yaron da ya shekara goma yana riƙe maka amana ya cancanci jari, ba ladan dako ba. Allah Ya haɗa mu da masu amana.