Yadda ake zirga-zirga a Alaska

Alaska ce jiha mafi girma a Amurka, amma yawancin ƙauyukanta babu titin mota da ya kai su. Hatta babban birnin jihar, Juneau, sai ta ruwa ko ta sama ake shigarsa.

Shi ya sa ƙananan jiragen sama suka zama tamkar motocin haya a can. Su ke kai wasiƙu da abinci da fasinja. Wasu a kan tafki suke sauka, wasu a kan ƙanƙara. Sai dai kuɗinsu ba wasa ba ne, kuma hazo kan hana su tashi kwana da kwanaki.

Mai son tuƙi zuwa ƙuryar arewa sai ya bi titin Dalton, mai tsawon kilomita 666, wanda aka shimfiɗa a 1974 domin aikin bututun mai. Yawancinsa tsakuwa ce, tireloli ke cin karensu ba babbaka, kuma daga Coldfoot zuwa Deadhorse, kusan kilomita 390, ba gidan mai ko ɗaya. Kamfanonin hayar mota da dama sun hana a hau shi da motocinsu. Wanda ya shiga ba tayar safaya, ganganci ya yi.

Jirgin ƙasa na tashi daga Seward, ya bi ta Anchorage zuwa Fairbanks. Akwai wani jirgin ƙasa mai suna Hurricane Turn, wanda mutum zai fito daga daji ya ɗaga masa farin ƙyalle a gefen layi, ya tsaya ya ɗauke shi.