Kanya Babba: Ba kowace mura ce ke buƙatar kafso ba

Da zarar hunturu ya kama a Kanya Babba da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Babura, tari da mura kan zagaye gidaje. Abin da iyaye da yawa ke yi shi ne tura yaro kemis ya sayo Ampiclox ko Septrin, sau da yawa ƙwaya huɗu ko shida, daidai kuɗin da ke hannu. Bayan kwana uku mura ta lafa, sai a ce magani ya yi aiki.

Masana lafiya kuwa na cewa murar da kanta take warkewa. Ƙwayar bairos ce ke haddasa ta, su kuma magungunan antibayotik bakteriya kaɗai suke kashewa. Abin da mai mura ke buƙata shi ne hutu, yawan shan ruwa, da farasitamol idan akwai zazzaɓi. Ana iya ba yaron da ya wuce shekara ɗaya zuma don rage tari.

Haka abin yake ga gudawar yara. Maganinta na farko ruwan gishiri da sukari ne, tare da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14, ba Flagyl ba. Sai idan an ga jini a bayan gida ne ma'aikacin lafiya zai duba batun antibayotik. Shi ma zazzaɓi, gwajin maleriya ake fara yi, domin kafso ba ya maganinta.

Ina illar take?

Duk lokacin da aka sha antibayotik ba bisa ƙa'ida ba, ƙwayoyin cutar da suka tsira kan bijire masa, su yaɗu zuwa wasu mutane. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi wannan gargaɗi tun 1945. Wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ga magani ta yi ajalin mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yammacin Afirka ne abin ya fi shafa.

Ga mutanen Jigawa, wannan ba labarin nesa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga Oktoban 2022 zuwa Afrilun 2023 an samu mutum 1,686 da ake zargin sun kamu da sanƙarau a Najeriya, 1,252 daga cikinsu a Jigawa. Babura na iyaka da jihar Zinder ta Nijar, inda cutar ta ɓarke a daidai lokacin. A 2023 kuma an tabbatar da ɓullar mashaƙo a Kazaure. Duka cututtukan biyu bakteriya ne ke kawo su, kuma antibayotik na cikin abin da ke ceto ran mai su. Idan ya daina aiki saboda an ɓata shi a kan mura, mai sanƙarau ne zai ɗanɗana kuɗarsa.

Yaushe ake garzayawa asibiti?

Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, jijjiga, ko gushewar hankali alamun sanƙarau ne. Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da wani farin abu a maƙoshi na iya zama mashaƙo. Ga yaro mai tari, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance lafiya: sau 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko sau 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alama ce ta nimoniya. Haka ma faɗawar haƙarƙari ko ƙin kama nono. Jaririn da bai kai wata biyu ba kuwa, kowane zazzaɓi na asibiti ne.

A irin wannan hali, kada a tsaya kemis. A nufi asibitin gari ko babban asibitin Babura. Idan an rubuta antibayotik, a sayi cikakken adadi, a sha shi iya kwanakin da aka faɗa ko da an ji sauƙi, kuma kada a ajiye saura don ƙanen yaron ko ɗan maƙwabta.