Yadda A Ke Tsara Rumbun Bayanai Na Mujallar Intanet

Duk wanda ya yi niyyar kafa mujallar intanet, watau irin wadda a ke karantawa a kwamfuta ko waya, lalle ne ya fara da shirya rumbun bayanai, inda za a riƙa ajiye labaransa. Mu malamai da akawuna wannan aiki ba baƙonmu ba ne, gama ɗan'uwan rajistar makaranta ne.

Babbar ƙa'idarsa ita ce kowane bayani a rubuta shi wuri ɗaya tak. Wani masani na kamfanin IBM, Edgar Codd, shi ya fito da hanyar a shekarar 1970, ya ce a rarraba bayanai cikin jadawali dabam dabam masu alaƙa da juna.

To, ga yadda za a yi. Jadawali na fari na marubuta ne, kowa da lambarsa da sunansa. Na biyu na labarai, mai ɗauke da kan labari, da jikinsa, da ranar bugawa, da lambar marubucin, ban da sunansa. Na uku na fannoni, kamar noma da lafiya da ilmi. Da ya ke labari guda ya kan shiga fanni biyu, sai a ƙara na huɗu, mai haɗa lambar labari da ta fanni. Manhajar WordPress, wadda ta fito a 2003, kusan haka ta ke ajiye nata.

Ina amfanin wannan wahala? A ce Malam wane ya rubuta labari 200, sa'an nan ya sauke farali ya zama Alhaji. In an bi ƙa'ida, gyara ɗaya ya wadatar. In kuwa an kwafe sunan cikin kowane labari, sai an yi gyara 200, wanda a ka mance kuwa na'ura za ta ɗauka na wani mutum ne dabam. Ran biyan marubuta sai haƙƙin bawan Allah ya salwanta.

Abu na ƙarshe, a zaɓi tsarin haruffa na UTF-8 tun farko, don shi ya san ƙ da ɗ da ɓ. In ba haka ba, haruffan nan su kan rikiɗe su koma alamar tambaya, mai karatu ya kasa rarrabe ƙafa da kafa.

Saboda haka mu ke jan hankalin jama'a, su zana jadawalin nan a takarda kafin su taɓa kwamfuta. Tun ran gini ran zane. Allah ya sa mu dace, amin.