KIWON JAR AKUYA: YADDA ZA A RAYA ƊIYAN AWAKI

A ƙasar Maraɗi da wuya a sami gidan da babu akuya. Daga Tibiri zuwa Jiratawa, mafi yawan awaki na mata ne. Akuya ita ce asusun gida. In yaro ya kwanta ciwo, ita ake kaiwa kasuwa. In rumbu ya kusa ƙarewa kafin sabon hatsi, ita ake sayarwa a sayi tsaba. In an yi haihuwa ko aure, ita ke fid da mai gida kunya.

Amma a gidaje da yawa akuya na haihuwa kowace shekara, garke kuwa bai ƙaruwa. Dalili shi ne ɗiyan na mutuwa tun suna ƙanana, galibi cikin watansu na farko. Yawancin wannan hasara ana iya hana ta ba tare da kashe kuɗi masu yawa ba.

JAR AKUYA TA MARAƊI

Jar akuya ta Maraɗi ta yi suna har ƙasashen waje. A Najeriya ana ce da ita jar akuya ta Sakkwato. Ba ta da tsawo kamar akuyar Azbin, nauyin babba bai cika wuce kilo 25 zuwa 30 ba. Amma tana saurin balaga, tana yawan haifar tagwaye, tana da nono daidai gwargwado. Fatarta kuma tana da laushi da ƙarko. Tun zamanin ayari fatake ke ɗaukar jemammun fatun ƙasar Hausa su ƙetare hamada da su. Turawa suna sayen su ta hannun mutanen Maroko, har suka riƙa kiran su fatar Maroko.

Saboda darajar wannan iri ne gwamnatin Nijar ta buɗe cibiyar kiwon awaki kusa da garin Maraɗi a shekarar 1963. Aikinta shi ne adana irin jar akuya da samar da bunsuraye nagari ga makiyaya. A farin 1973 da na 1984 shanu da yawa sun mutu. Awaki sun fi jimrewa, kuma da su gidaje da dama suka sake tada garke.

ZAƁEN IRI

Abin da aka shuka shi ke tsira. Mai kiwo ya zaɓi akuya mai faɗin ƙugu, mai ƙafafu miƙaƙƙu, mai hantsa babba marar ƙurji. In uwarta mai haifar tagwaye ce kuma mai nono, ya fi kyau.

Bunsuru shi ne rabin garke, domin jininsa na cikin kowane ɗa. Kuskuren da aka fi yi shi ne sayar da bunsuru mafi girma ranar kasuwa, a bar ƙanana marasa ƙarfi suna barbara. Bunsuru ɗaya lafiyayye ya ishi awaki 20 zuwa 25. Saboda haka maƙwabta na iya haɗa kuɗi su sayi nagari guda ɗaya. Sauran mazan a kai wa malamin dabbobi ya dandaƙe su tun suna ƙanana. Taure ya fi yin ƙiba, kuma ya fi kuɗi lokacin Salla.

Kada a bar bunsuru ya hau ɗiyarsa ko uwarsa. Irin wannan barbara na kawo ɗiya raunana. Bayan shekara 2 a canza shi, ko a yi musaya da mutanen wani ƙauye.

BARBARA DA CIKI

Ƴar akuya na iya ɗaukar ciki tun tana wata 5 ko 6, amma jikinta bai yi ƙwari ba. In ta yi ciki a lokacin, ita ba ta girma, ɗan kuma ya fito ƙarami. A jira ta kai wata 8 zuwa 10.

Akuya mai neman namiji tana yawan kuka, tana kaɗa wutsiya, tana rage cin abinci. Wannan hali na ɗaukar kwana 1 ko 2. In ba ta ɗauka ba, yana dawowa bayan kwana 21.

Cikin akuya wata 5 ne, wato kwana 150. A nan karatu ke da amfani. Duk wanda ya iya rubutu ya rubuta ranar barbara cikin littafinsa, ya ƙidaya wata 5. Akuyar da aka hau a watan Yuni za ta haihu a Nuwamba, lokacin ɗari. Ɗanta na bukatar ɗumi. Wadda aka hau a Oktoba za ta haihu a Maris, lokacin da daji ya bushe. Ita kuwa tana bukatar cimakar da aka tanada tun kaka.

CIMAKAR MAI CIKI

Ɗan da ke ciki ya fi girma a mako 6 na ƙarshe. In uwa ta yi yunwa a lokacin, tana iya yin ɓari, ko ta haifi ɗa marar ƙarfi, hantsarta kuma ba nono. Don haka a ware ta, a ƙara mata harawar wake ko ta gyaɗa, da dussa tafi biyu kowace rana, da ɗiyan gawo. A aje mata gishiri ko kanwa ta riƙa lasa. Ruwa mai tsabta kuma kada ya yanke.

Tanadi tun kaka ake yin shi. A yanke harawa tana da ɗanyen ganye, a shanya ta a inuwa, a ɗora bisa rumfa. Masu gonaki a fadamar Jiratawa da bakin Gulbi suna samun ragowar ganye har cikin rani, kada su bari ya lalace. Sassaben zamani, wanda manoman jihar Maraɗi suka fara tun wajen 1984, ya maido da gawo da kalgo cikin gonaki. Gawo kuwa a rani yake ba da ganye da ɗiya, daidai lokacin da bisashe suka fi bukata.

A tsince leda daga tsakar gida da bakin hanya. Akuya mai yunwa na haɗiye ta, ta cushe mata tumbi, ta rame har ta mutu.

RANAR HAIHUWA

In haihuwa ta kusa, hantsa na cika, akuya na keɓe kanta, tana tonon ƙasa, tana kwanciya tana tashi. A kai ta wuri busasshe inda iska ba ta bugu. A share kashi, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa.

Yawanci akuya na haihuwa da kanta. Ɗa na fitowa da ƙafafun gaba biyu, hanci bisa kansu. Kada a yi gaggawar ja. Amma in faya ta fashe, akuya ta yi awa guda tana nishi babu abin da ya fito, a kira malamin dabbobi ko wanda ya san aikin. Duk mai sa hannu ya yanke ƙumba, ya wanke hannu da sabulu.

Mabiyiya na faɗowa cikin awoyi kaɗan. In ta wuce awa 12 ba ta faɗo ba, kada a ja ta da ƙarfi, a nemi malami. In ta faɗo a bizne ta. Haka ma ɗan ɓari, a bizne shi da zurfi. Wasu cututtukan da ke sa ɓari suna kama mutum. Saboda haka mace mai ciki kada ta taɓa su, nonon akuya kuma a dafa shi kafin a sha.

ABUBUWA HUƊU NA RANAR FARKO

Na 1, numfashi. A share majinar da ke hancin ɗan da bakinsa. A bar uwa ta lashe shi. In ta ƙi, a goge shi da tsumma mai tsabta.

Na 2, cibiya. Ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga jiki, su sa kumburin gwiwa da mutuwa. In ta yi tsawo, a yanke da sabuwar reza, a bar kamar faɗin yatsa uku. A tsoma ta cikin ruwan aidin. Kada a shafa ƙasa ko kashin shanu.

Na 3, dakashi. Wannan shi ne nonon farko mai kauri, mai ruwan ɗorawa. Wasu na tatse shi su zubar, suna cewa yana sa zawo. Wannan kuskure ne babba. Ɗan akuya na zuwa duniya ba shi da kariya ko kaɗan, cikin dakashi yake samun ta. Hanjinsa kuma a ranar farko kaɗai yake iya karɓar wannan kariya. Ya kamata ya sha cikin awa 2 na farko. A wanke hantsa, a ɗan matsa don bakin nono ya buɗe. In ɗan ba ya iya tsayuwa, a riƙe shi ya tsotsa. Ɗa mai kilo 2 na bukatar kamar kashi ɗaya cikin biyar na lita a ranar farko, kaɗan-kaɗan. In uwa ta mutu, a nemi dakashin wata akuya da ta haihu a ranar.

Na 4, ɗumi. Ɗan akuya ba shi da kitsen da zai tare masa sanyi. Lokacin hunturu ya kwana cikin ɗaki ko bayan zana. Da damana a tsare shi daga laima.

DAGA MAKO NA FARKO ZUWA YAYE

Uwa da ɗa su zauna gida tare kwana 3 zuwa 7 don su saba. Bayan haka uwa ta tafi kiwo, ɗa ya tsaya gida a inuwa, nesa da karnuka. A makonnin farko kada a yi rabon nono da shi, balle in tagwaye ne. A lura da ƙaramin cikinsu, don babban na ture shi.

In ya kai mako 2 yana fara tsinkar ganye. A sa masa harawa mai laushi da dussa kaɗan da ruwa inda manya ba su kaiwa. A yaye shi in ya kai wata 3 ko 4. Uwar da ta ƙoshi na iya haihuwa sau 3 cikin shekara 2.

CUTUTTUKA

Zawo shi ne babban mai kashe ɗiyan awaki. Ƙazanta ke kawo shi. A share turke kullum, a kai takin gona. In ɗa ya kamu, a ware shi, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta dafaffen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, kuma kada a hana shi nono. In akwai jini a zawon, ko ya wuce kwana 2, a nemi malami.

Tsutsar ciki ta fi yawa da damana. A ba garke magani a farkon damana da ƙarshenta. Magani wajen malamin dabbobi ake sayen shi, domin na bisa tebur a rana yana iya zama jabu ko lalatacce.

Akwai kuma annobar awaki da tumaki wadda malamai ke kira PPR. An fara gano ta a ƙasar Kodebuwa a 1942. Alamunta su ne zazzaɓi, majina a hanci, kwantsa a ido, gyambo a baki da zawo. Tana iya share garke cikin kwanaki kaɗan. Ba ta da magani, amma tana da allurar rigakafi mai ƙarfi. A 2015 ƙasashen duniya sun taru a Abijan, suka ɗauki niyyar kawar da ita kafin 2030. In masu rigakafi sun zo ƙauye, kada a ɓoye bisashe. Akuyar da aka sayo kasuwa kuma a ɗaure ta daban har mako 3 kafin ta shiga garke.

LISSAFI

Mace na da awaki 3. Cikin shekara suka haifi ɗiya 5. In 2 sun mutu, 3 suka rage mata. In ta kula da cibiya da dakashi da rigakafi, duka 5 na iya rayuwa. A tambayi farashin taure a kasuwar Maraɗi ranar Litinin ko Juma'a, a ninka shi sau 2. Wannan shi ne kuɗin da reza ɗaya da kwalbar aidin ɗaya ke iya tsarewa. Masu karatu su yi wannan lissafi bisa allo tare da malaminsu, kowa da yawan awakin gidansu.