Yini guda a Montebidiyo

Jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido ba ya jiran kowa. Yakan tsaya a tasha da safe, ya sauke dubban fasinjoji, kafin magariba ya ɗaga. Wanda ya makara, shi zai nemi kuɗin da zai tari jirgin a tasha ta gaba. Shi ya sa tambayar farko ga mai son ganin babban birni a Kudancin Amurka ita ce nisansa da bakin ruwa.

A nan biranen suka sha bamban. Santiyago ta ƙasar Chile tana da nisan fiye da kilomita 100 daga gaɓa, rabin yinin a mota yake ƙarewa. Mai zuwa Lima kuwa a tashar Kallawo zai sauka, ya yi fama da cunkoson motoci. Montebidiyo, babban birnin Yurugwai, ta fita daban: kana fitowa daga ƙofar tasha ka shiga tsohon gari. A ganina, mai lafiyar ƙafa ba ya bukatar biyan kuɗin motar zagaye da ake tallatawa a cikin jirgi, domin sau da yawa ta tagar mota kawai za a nuna masa garin.

Hayaƙi ne zai fara tarbar baƙo. Daura da tashar akwai Mercado del Puerto, kasuwa mai rufin ƙarfe da aka buɗe a 1868, wadda yau ta koma rumfunan gashi. Itace suke ƙonawa a gefe, su riƙa jawo garwashin da shebur zuwa ƙarƙashin wata faffaɗar ragar ƙarfe, haƙarƙarin sa na tsiyayar da mai a kai. Yurugwai ƙasa ce da shanunta suka ninka mutanenta fiye da sau uku. Sai dai Musulmi ya yi hattara. A kan raga ɗaya ake gasa naman alade da wani tsire da ake cusa wa jini, yankan ma ba a san irinsa ba. Neman kifi a wani wurin ya fi kwanciyar rai.

Daga nan sai a bi titin Sarandi, wanda aka hana motoci shiga, har zuwa Dandalin 'Yanci. Mutum-mutumin José Artigas, gwarzon ƙasar, yana tsakiya bisa doki, ƙasusuwansa na ajiye a ƙarƙashinsa, sojoji na gadi. Ga dogon benen Palacio Salvo na 1928, ga gidan wasan Solís na 1856 a kusa. Abin da ya fi gine-ginen ɗaukar ido shi ne mutanen gari: da yawansu na tafe da fulas a hammata, ɗan ƙoƙo a hannu, suna zuƙar ganyen mate da bututun ƙarfe. Ɗaci gare shi sosai.

Mai sauran lokaci ya hau tasi zuwa filin wasa na Centenario. Nan aka buga wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta farko a 1930, Yurugwai ta ci Ajantina 4 da 2. Gidan tarihin ƙwallon da ke filin ya cancanci awa guda.

Akwai abin da baƙon yini ɗaya kan rasa. A unguwannin Barrio Sur da Palermo, jikokin bayin da aka kawo daga Afirka suna kaɗa gangunan kandombe a kan titi, al'adar da UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2009. Yawanci da yammacin ƙarshen mako suke fitowa, su fara gasa fatar gangunan a bakin wuta, a daidai lokacin da ma'aikatan jirgi ke ƙirga fasinjoji don a janye tsani.