Kafin Ka Zuba Kuɗinka a Kyamarar Ful-Firem

Duk wanda ya ɗan jima yana ɗaukar hoto don sha'awa, wata rana sai an ce masa, "Ai kai yanzu ful-firem ce daidai da kai." Daga nan sai barci ya ƙaurace, a shiga duba farashi, a fara lissafin abin da za a sayar a cika kuɗi. Masu shago sun san wannan zumuɗin, sun kuma iya rura shi. Abin da ba kasafai suke gaya wa mai saye ba shi ne, farashin jikin kyamara somin-taɓi ne kawai.

A cikin kowace kyamarar dijital akwai ɗan faranti mai karɓar haske, wato sensa. Na ful-firem tsawonsa milimita 36 ne, faɗinsa 24, daidai da girman filim ɗin da masu hoto suka yi aiki da shi shekara da shekaru. Na matsakaitan kyamarori, samfurin APS-C, kusan milimita 24 ne da 16, bai kai rabin filin wancan ba. Babban sensa ya fi tara haske, shi ya sa hoton da aka ɗauka bayan magariba ko a zaure mai duhu yake fita da tsabta, ba yawan ɗigo-ɗigo. Ya kuma fi sauƙin narkar da bayan mutum, fuska ta fito ras. Amfanin ke nan, kuma ba ƙarami ba ne. To amma wanda hotunansa duk da rana tsaka ne, kuma iyakarsu WhatsApp da Instagram, da wuya idonsa ya ga bambanci. Mai son ɗauko mahayi daga nesa a hawan sallah ma, ƙaramin sensa ya fi yi masa rana, domin da lensi iri ɗaya zai ga dokin ya cika masa hoto kamar an ƙara kusanto da shi ninki ɗaya da rabi.

Farashi kam ya sauko. Da Canon ya fito da 5D a 2005, kusan dala 3,300 aka sa mata, kuma a lokacin ana ganin ta yi araha. A 2019 EOS RP ta fito a kan dala 1,299, Nikon Z5 ta biyo a 2020 a kan 1,399, sai Canon R8 a 2023 a kan 1,499. Ka juya waɗannan zuwa naira ko sefa a canjin yau, za ka ga dalilin da ya sa yawancin masu sha'awa suke ƙarewa a kasuwar kayan hannu. Babu aibu a haka. Tun da manyan kamfanoni suka koma ƙera kyamarori marasa madubi, tsofaffin masu madubi, wato DSLR, suka cika kasuwa, farashinsu ya karye.

A cikinsu biyu sun yi suna. Canon 6D ta 2012 tana da kyawun launi da juriyar duhu, sai dai wuraren saitin fokos ɗinta 11 ne kacal, ba ta dace da abin da ke gudu ba. Nikon D750 ta 2014 ta fi ta saurin kama abu, tana cin memori biyu, kuma batirinta kan yi hoto sama da 1,200 a caji ɗaya. A garin da wuta ke yin kwana biyu ba ta leƙo ba, wannan ba abin rainawa ba ne, musamman in ka tuna RP a wajen hoto 250 take tsayawa. Nikon D600 kuwa a yi hattara da ita: ta yi ƙaurin suna wajen ɗigon mai da ƙura a kan sensa, shekara guda bayan fitowarta aka maye gurbinta da D610. A ɓangaren marasa madubi na Sony, A7 II tana da araha amma batirinta ƙarami ne, A7 III ta 2018 ce ta gyara wannan matsalar.

Kada yawan megafiksel ya ruɗe ka. Mai 24 ta isa a buga hoto mai tsawon rabin mita, ya fita tas.

Inda ake yawan yin kuka shi ne wajen lensi. Mutum ya tattara duk abin da ya mallaka ya sayi jiki, ya dawo gida da niyyar ɗaura tsohon lensinsa. Idan na Canon ne samfurin EF-S, ba zai ma shiga bakin 6D ko 5D ba. Idan na Nikon ne samfurin DX, zai shiga, amma kyamarar za ta yanke gefen sensa ta yi aiki da tsakiya, megafiksel 24 su koma wajen 10. Ka ga an biya kuɗin ful-firem, ana ɗaukar hoto da ƙaramin sensa. Haka wanda ya sayi Nikon Z ya sa adaftar FTZ, tsofaffin lensin AF-D ba za su saita fokos da kansu ba, sai da hannu. Kuma kowane kamfani da irin bakin lensinsa, wanda ka shiga yau shi za ka yi ta yi wa hidima shekaru. Bakin Sony ya daɗe a buɗe ga kamfanoni irin su Sigma da Tamron, don haka lensi masu sauƙin kuɗi sun yawaita a can. Masu Canon marar madubi kuwa sun fi samun sauƙi ta hanyar adafta da tsofaffin lensin EF, waɗanda suke jibge a kasuwa. Mafi arahar mafari a kowane gida shi ne lensi mai milimita 50, f/1.8. Na Canon sabo fil wajen dala 125 aka sa masa da ya fito a 2015, kuma hoton fuska da yake fitarwa ya fi na wasu masu zuƙowa da suka ninka shi tsada.

Idan ta hannu za ka saya, kada ka yi sayen kifi a ruwa. Ka je da memorinka, in da hali har da kwamfuta. Fara da adadin bugun shota, domin shota tana da iyaka: an ƙiyasta wa 6D bugu 100,000, D750 kuma 150,000. Na Nikon da Sony ana iya karanta adadin daga bayanan da ke cikin hoton, na Canon yawanci sai an haɗa da kwamfuta. Kyamarar da ta yi shekaru tana zagaya gidajen biki ta riga ta ci rabonta, ko da an goge ta tana sheƙi. In an ce maka bugunta kaɗan ne amma robar riƙo ta sule, rubutun maɓallai ya goge, ka sake tunani.

Sannan ka matse ƙofar haske zuwa f/16, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka buɗe hoton ka faɗaɗa shi. Ɗigo ɗaya ko biyu ƙura ce, ana gogewa. Dogon layi ko tabo mai kama da karce, wannan ajiye musu kayansu. Ka rufe lensi da murfinsa ka sake ɗauka, ka duba ko akwai ɗigon ja ko shuɗi a cikin baƙin. Lensin kuma ka cire shi, ka haska fitilar waya ta baya ka leƙa ta gaba: in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, funfuna ce ta kama gilashin, ciwon da danshin damina ke jawowa. Ka gwada ramin memori da kowane maɓalli, ka tabbata batir da caja na asali ne. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kyamarar, saboda kayan sata ma suna yawo a wannan kasuwa.

Bayan saye, ƙurar hunturu ce abokiyar gaba, musamman ga marar madubi, wadda sensanta ke fuskantar iska da zarar an cire lensi. Kashe ta, kifa bakinta ƙasa, ka canza da sauri. A busa da ɗan famfon roba, ban da baki, ban da gefen riga.

A ganina, wanda kuɗinsa iyakar jiki za su saya, ya haƙura tukuna, ya sa su a lensi mai kyau ga kyamarar da ke hannunsa. Wanda kuma ya shirya, ya ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kuɗin don lensi, batir na biyu da memori. Mai talla a intanet da ya ce sai ka tura kuɗi kafin ka riƙe kyamarar a hannunka, don Allah kada ka tura.