Matasan ma'aikatan lafiya a Magarya da Dungas

Kowace shekara makarantar kiwon lafiya ta Damagaram, wadda aka buɗe a 1975 da sunan ENICAS, yau kuma ake kira ENSP, tana yaye samari da ƴan mata: lokotoro-lokotoro, da ungozomomi, da ma'aikatan jin daɗin jama'a. Da yawa daga cikinsu a ƙauyukan kudancin jaha suke soma aiki.

Takardar shaidar gama karatu ba ta sa mutum ya zama ma'aikacin gwamnati nan take. Masu ilimi mai zurfi sukan yi bautar ƙasa ta shekara 2. Wasu su yi aikin sa kai a likita ba albashi, wasu su samu kwantiragi, har ranar da gwamnati ta buɗe ɗaukar ma'aikata. Wasu kuma su shiga ƙungiyoyin agaji, irin MSF, wadda ta soma aiki a Magarya a 2005, shekarar ƙarancin abinci.

Aiki kuwa yana jiransu. A ƙidayar 2012 gundumar Magarya tana da mutum sama da 570.000, ta Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011, sama da 350.000. Tun 2006 aka ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 biyan kuɗin magani, sai uwaye suka yi ta zuwa likita. Da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, masassarar cizon sauro da tamowa sukan taru a kan yaro guda. A watan Satumba na 2018 MSF ta ba da labarin cewa a babbar likitar Magarya yara wajen 10 ne suke rasuwa kowace rana.

Sabon lokotoro da aka tura Bande, ko Waca, ko Malawa, ko Dogo-Dogo, sau da yawa shi ne mai awo, shi ne mai allurar rigakafi, shi ne mai riƙe da kantin magani da rahoton wata. Shi zai gane yaron da ya kamata a aika Magarya tun dare bai yi ba. Tun 2013 kuma ake ba yara ƴan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin masassara wata-wata a cikin damina, shi ne mai lura da masu rabawa.

Ma'aikacin jin daɗin jama'a shi kuma aikinsa a zaure yake da bakin rijiya. Shi ke bin sawun uwar da ta daina kawo ɗanta awo, ya ji dalili. Makarantun mazan aure, da aka soma a yankin Magarya da Matamai a 2008, sun nuna cewa idan maigida ya fahimta, mai ciki takan je awo da wuri. Wannan aiki yana son Hausa mai kyau, da girmama mai gari da liman, da haƙuri.

Saura nauyin da ke kan magabata. Matashin da ba ya da ɗakin kwana kusa da likita, ko ya yi watanni bai ga haƙƙinsa ba, da ya samu hanya zai koma Damagaram ko Yamai, ƙauye ya sake jiran wani baƙo. Ma'aikatar magajin gari da kwamitin likita suna iya gina masa ɗaki. Shugabannin lafiya na gunduma su riƙa kai masa ziyara, a kuma lissafa masa shekarun da ya yi a ƙauye ranar ɗaukar ma'aikata. Allah ya taimaki masu wannan aiki.